Uwar Garke Ba Ta Faɗuwa Rana Ɗaya

Ɗana, ranar Asabar ɗin nan ban yi maka faɗa ba. Na zo Nassarawo, na kama maka, muka tada injin, na hau keke na koma gida. Ba a yi wa mutum faɗa yana tsakiyar gumi, balle ga 'ya'yan mutane fiye da ɗari sun cika cibiyar suna jiran gwajin jarrabawa, iyayen wasu na tsaye a bakin titi cikin ranar Jimeta. Yanzu da ƙura ta lafa, ka samu ka runtsa, bari in amayar maka da abin da na haɗiye. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Da na shigo, maganar da ka tarbe ni da ita ita ce, "Baffa, netiwok ne." Ita ka faɗa wa maigidanka, ita kuma aka kai wa iyayen yara. Ni ban ko kalli allonka ba. Na wuce ƙuryar da uwar garken take, na kara bayan hannuna inda iska ke fita, sai na ji kamar na leƙa tandar gidan burodi. Na ɗaga kai na dubi na'urar sanyaya ɗaki. Tana ta ƙugi, fitilarta a kunne, amma iskar da take busowa da ta tsakar gida duk ɗaya. Na zare ragar tace ƙura ta gaban injin, sai ga ƙurar hunturu ta daskare a jikinta kamar bargo, na sa farce na ɓamɓaro ta falle guda. Na tambayi yaron da ke share wurin yaushe rabon ɗakin nan da sanyi. Ya ce ai ya kai mako uku. Mai shara ya sani, kai da aka damƙa wa mabuɗi ba ka sani ba. Da injin ya huce ya tashi, na ce buɗe mu ga faifan ajiya, muka tarar da shi ya cika kashi 97 cikin ɗari. Ko da zafi bai kayar da uwar garken ranar ba, da cikar ciki ta kayar da ita a mako mai zuwa.

Ban san wanda ya fara kiran sabar da sunan uwar garke ba, amma Allah ya saka masa, ya raɗa suna mai kyau. Kakanka da ya yi kiwo a wajejen Fufore bai taɓa jiran saniya ta faɗi kafin ya san ba ta da lafiya ba. Da yamma in shanu suna dawowa, yakan tsaya a bakin garke yana kallo. Wadda ta saba shigowa a gaba yau ta zo a ƙarshe. Wata ba ta tuƙa. Wata gashinta ya tashi, hancinta ya bushe. Baƙo in ya zo, shanu kawai zai gani, duk lafiyayyu. Shi kuwa ya san tafiyar kowacce ranar da take lafiya, shi ya sa yake gane ranar da tafiyar ta sauya. Aikinka ke nan kaf, ɗana. Duk wata manhaja da za ka ɗora daga baya take zuwa.

To bari in tambaye ka, kuma kada ka ba ni amsar kare kai. Ranar Talata da ƙarfe goma na safe, komai na tafiya daidai, kashi nawa na ƙarfin masarrafar injin ke aiki? Kashi nawa na ƙwaƙwalwarsa ke cike? Zafin ɗakin digiri nawa ne? In ka aika ɗan saƙon gwaji zuwa kamfanin da ke ba ku intanet, milisakan nawa yake yi ya je ya dawo? Ranar Asabar na yi maka biyu daga cikin tambayoyin nan, ka sosa ƙeya. Wanda bai san lafiyar abu ba, ina zai gane ciwonsa? In na ce maka masarrafa tana kan kashi 70, wannan ba labari ba ne, sai ka san jiya a daidai wannan lokaci tana kan 20 ne ko tana kan 68. Lamba ɗaya tilo ba ta magana. Sai an jera ta da 'yan'uwanta na jiya da shekaranjiya da makon jiya take buɗe baki.

Dubi faifan nan naka. Da kana rubuta cikarsa duk Juma'a, da ka ga 78, ka ga 80, ka ga 82. Lissafin 'yan firamare ne: kashi biyu a mako, saura mako tara ya toshe. Da ka samu wata biyu cur na zuwa wurin maigida cikin natsuwa, ka ce a sayi wani faifan, ko ka zauna ka share tarin tsofaffin rahotannin da injin ke rubuta wa kansa, waɗanda su ne suka cinye rabin wurin. Ba a fafe gora ranar tafiya. Faifan ma yana da bakin faɗin ciwonsa, akwai tsarin da ake kira SMART a jikinsa da ke ƙirga wuraren da suka lalace da sa'o'in da ya yi yana juyawa. Ba kullum yake yin gargaɗi kafin ya mutu ba, amma in ya yi, ba ya wasa.

Maganar zafi kuwa, a garin nan ita ce gaba da komai, kuma littattafan da kuke koyon aikin da su ba su cika damuwa da ita ba, don waɗanda suka rubuta su ba su san Afrilun Yola ba. Injiniyoyin sanyaya ɗaki na Amurka sun ba da shawarar iskar da ke shiga irin waɗannan injuna ta tsaya tsakanin digiri 18 da 27. Mu kuwa daga Maris zuwa Afrilu zafin waje yakan haura 40, ga kwanon rufi, ga ɗaki a rufe, ga injin da kansa yana hura wuta. In zafi ya yi wa masarrafa yawa, takan rage gudu da kanta don kada ta ƙone, sai yara su fara cewa shafi ba ya buɗewa, kai kuma ka ce netiwok. In ya ƙara yawa ta kashe kanta. Abin da ya same ka ke nan. Batiran inbatarku ma da ke jibge a wannan ɗakin suna shan nasu kason. Batirin dalma an yi shi ne don zafin digiri 25, kuma duk ƙarin digiri takwas zuwa goma yana raba tsawon ransa biyu. Shi ya sa batirin da mai shago ya rantse maka zai yi shekara huɗu yake sallama a shekara ɗaya da rabi, ka koma kasuwa kana cewa jabu aka sayar maka. Wani lokacin jabun ne. Sau da yawa kai ka dafa shi. Ma'aunin zafi na jingina a bango bai kai kuɗin katin wayarka na mako ba. Mitar auna wuta kuma kana da ita a jaka, na gani. Batiri mai bolt 12 in ya cika ya huta zai nuna maka wajen 12.6 ko 12.7. Ka riƙa auna su ɗaya bayan ɗaya, domin a jeri guda, gurgu ɗaya ke jan sauran ƙasa, kuma ba za ka sani ba sai ranar da aka ɗauke wuta, janareta ya yi gardama, inbata ta riƙe minti huɗu maimakon sa'a biyu.

Yanzu mu zo kan netiwok ɗin da ka ɗora wa laifi. Ban ce ba ya laifi ba. Yana yi, har ya fi haka. Masu gyaran titi su tsinke wayar faiba, hadarin Agusta ya taso ya rufe wa faranti ido, janaretan turken sadarwa ya ƙare da mai. Amma kalmar "netiwok ne" ta zama mana bargon rufe kasala, kowa ya ja ya lulluɓa, daga mai fi'o'es na bakin kasuwar Jimeta har ma'aikacin banki. Mai fi'o'es yana da uzuri, ba shi da hanyar sani. Kai kana da ita, kuma kyauta ce. Tun watan Disambar 1983 wani Ba'amurke mai suna Mike Muuss ya rubuta 'yar manhajar nan ta ping, wadda ke cikin kowace kwamfuta da ke ɗakinka. Sallama ce kawai take yi: ta ƙwanƙwasa ƙofa, ta ƙirga lokacin da aka ɗauka kafin a amsa, ta faɗa maka sau nawa aka yi shiru. Ka sa ta riƙa sallama a ƙofa uku dare da rana. Ta farko rawutar da ke cikin gininku. Ta biyu ƙofar kamfanin da ke ba ku layi. Ta uku wani wuri mai nisa, a ce Legas ko Turai. In ta farko ta yi shiru, ɓarawon a cikin gida yake, je ka duba waya da suwic da wuta. In ta farko ta amsa ta biyu ta ƙi, ɗauki waya ka kira kamfani, kuma ka kira su da hujja: daga ƙarfe kaza zuwa kaza, saƙo goma sha biyar cikin ɗari ke zubewa. Za ka ji muryar wanda ya ɗauka ta sauya, don ya san ba da mai "abin ba ya yi" yake magana ba. In kuwa biyun farko lafiya, ta uku ce ta ɓace, to abin ya fi ƙarfinka ya fi ƙarfinsu.

Ka tuna ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka samu matsala a gaɓar Kwaddibuwa? Bankuna suka tsaya, kuɗi suka maƙale a hanya, daga Legas har nan. A ranar na ga masu irin aikinka suna ta kashe rawuta suna kunnawa, wani har ya hau rufi yana juya faranti, alhali ciwon yana can ƙasan teku, tafiyar dubban kilomita. Wanda ke da ƙofofin nan uku a allonsa, cikin minti biyu ya gane ba nasa ba ne, ya je ya gaya wa maigidansa gaskiya, ya zauna ya sha shayinsa.

Wani lokacin kuma layin lafiyarsa lau, cinye shi ake yi. Kwamfuta ɗari su tashi da safe kowacce ta fara jan sabuntawar Windows, ko ma'aikaci ya ba abokansa lambar sirrin wayalas, suna zaune a shagon maƙwabta suna kallon ƙwallon jiya da kuɗin maigidanka. Rawutar MikroTik ɗin da ke bangonku tana iya zana maka jadawalin abin da ke shiga da fita, sa'a bayan sa'a. Na duba, ba ka taɓa kunna wannan sashen ba.

Na san abin da za ka ce, don ka taɓa faɗa mini: kayan sa ido tsada gare su, maigida ba zai saya ba. Wannan uzurin ya tsufa tun kana rarrafe. MRTG da muka fara zana jadawali da ita, wani mutumin Suwizalan, Tobias Oetiker, ya sake ta kyauta a 1995. Nagios ta fito a 1999 da sunan NetSaint. Zabbix daga Latbiya take, kyauta. Ku 'yan yanzu kuna da Prometheus da Grafana masu allo kamar an yi wa amarya jere. Tsohuwar kwamfutar da kuka jefar a sito za ta ɗauki kowacce daga cikinsu. Ni dai ba ruwana da wadda ka zaɓa. Abin da nake tsoro shi ne ka kwana uku kana ƙawata allo da launuka, ka ɗauki hoto ka sa a Facebook, sannan ka daina kallo. Na fi son littafi mai bangon kwali da ake rubutawa kullum a kan allon da ba mai dubawa.

Kada ka ɗauka ina magana ne kamar wanda bai taɓa faɗuwa ba. Zamanin da intanet ɗin garin nan duk ta faranti take saukowa, saƙo ya yi milisakan 600 kafin ya je tauraro ya dawo, ina riƙe da injunan wani ofishi. Ɗoki ya ɗebe ni na sa wa komai ƙararrawa. Firinta ta ƙare da takarda, waya ta yi ƙara. Layi ya yi atishawa na daƙiƙa biyar, waya ta yi ƙara. A dare ɗaya sai in samu saƙo arba'in. Gwaggonka ta ce ko dai ni ko wayar, ɗaya zai kwana a zaure. Na rufe wa wayar murya. Bayan kwana goma faifai ɗaya cikin biyun da ke riƙe da bayanan albashi ya mutu, na'ura ta aiko mini da gargaɗi sau uku, yana nan kwance a tsakiyar saƙonnin firinta, ban gani ba. Da na biyun ya bi shi, mako biyu muka yi muna sake shigar da sunaye daga takarda, da hannu. Tun daga ranar na yi wa kaina doka: abin da zai tashe ni daga barci dole ya zama abin da in na tashi akwai abin da zan yi a kai, kuma ba zai jira safiya ba. Saura duk su taru a rahoton safe. Kare mai haushin kowace akuya, ranar da ɓarawo ya zo ba mai leƙowa.

Kuskure na biyu da na yi ya fi wannan ban dariya. Na ɗora manhajar sa idon a kan injin da take gadi. Ranar da injin ya mutu, mai gadi ya mutu tare da shi, wayata ta yi tsit, ni kuma ina murna yau an kwana lafiya. Kada ka yi mini dariya da yawa, manya ma sun taka wannan sawun. Ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɓace daga duniya wajen sa'a shida, kuma abin da ya ja gyaran ya yi tsawo shi ne kayan aikin da injiniyoyinsu za su duba matsalar da su a kan hanyar da ta yanke suke. Saboda haka mai gadinka ya zauna a wani injin dabam, da batirinsa dabam, da layin waya na wani kamfani dabam wanda zai aiko maka da saƙo ta kansa. Kuma shirun na'ura kada ya kwantar maka da hankali. Sa ta riƙa aiko maka da "ina nan" kowace safiya, ranar da ba ta aiko ba ka san akwai magana. Sau ɗaya a wata, ranar da babu ɗalibai, ka zare waya ɗaya da gangan ka tsaya da agogo a hannu ka ga minti nawa za a yi kafin wayarka ta yi ƙara. Kwafin ajiyar bayananku ma haka, wanda ba a taɓa gwada dawo da shi ba, sunansa kawai kwafi.

Mutanen bakin kogi sun riga mu sanin wannan. Wanda ke noma a fadamar Binuwai yakan kafa sanda a gaɓa, da safe ya zo ya ga inda ruwa ya kai, gobe ya sake zuwa. Ba ya jiran sanarwar cewa Kamaru ta buɗe madatsar Lagdo, ko da yake yana kasa kunne gare ta. Waɗanda suka ga ambaliyar 2012 da ta 2022 sun san bambancin wanda ya kwashe kayansa da rana da wanda ruwa ya tasa da tsakar dare.

Abin da ya fi ci mini rai ranar Asabar, in gaya maka gaskiya, fuskokin yaran nan ne. Akwai wata yarinya a layin gaba, ta ɗora haɓa a kan tebur tana kallon allon da ya daskare, ba ta ce komai ba. Wataƙila daga Girei ta taso, ko Numan, da kuɗin motar da uwarta ta haɗa da ƙyar. Gwaji ne, an ɗaga, ba a rasa komai ba sai yini guda. Amma tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya ta koma kan kwamfuta, kuma irin ɗakin nan naka ne ƙofar da ɗan talaka ke bi zuwa Jami'ar Modibbo Adama ko wata. Ka ga abin da ya faru a 2025. Gyaran manhaja bai hau wasu uwayen garke daidai ba, sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da kudu maso gabas ya lalace, sai da aka sake musu zama. Ranar 14 ga Mayu shugaban hukumar na lokacin, Farfesa Ishaq Oloyede, ya tsaya gaban 'yan jarida ya ɗauki laifin da bakinsa, har da hawaye. Mutane sun faɗi abin da suka faɗa a kansa. Ni abin da na riƙe shi ne dattijo ne da furfura, bai ce netiwok ba ne.

Kai ma abin da nake so ka yi ke nan, kuma shi ne mai wuyar. Ka koma wurin maigidanka ka ce masa, "Alhaji, abin da na faɗa ranar nan ba haka ba ne. Ɗakin ne ya yi zafi mako uku ban lura ba, faifai kuma ya cika." Zai ɓata rai, wataƙila ya yi maka tsawa. Amma in ka bar shi a kan maganar farko, gobe zai je ya sauya kamfanin intanet, ya kashe kuɗi a banza, na'urar sanyaya ɗakin tana nan yadda take, Afrilu kuma bai ƙare ba. Sannan ranar da netiwok ɗin ya yi laifi da gaske, ka faɗa, ba zai yarda ba. Ka tafi masa da takarda ɗaya: kuɗin cika wa na'urar gas, kuɗin faifai, kuɗin ma'aunin zafi. In ya ce yana son injin da ba ya tsayawa ko kaɗan, ka yi masa lissafi a hankali. Aiki kashi 99 cikin ɗari yana nufin tsayuwar kwana uku da rabi da 'yan kai a shekara. Kashi 99.9 kuwa ƙasa da sa'a tara ne, kuma tsakanin lambobin nan biyu akwai kuɗin batir da sola da layi na biyu. Ɗan kasuwa ne, wannan yaren yake ji. Shi zai zaɓi wanda aljihunsa zai ɗauka, kai dai ka tabbata sa'o'in tsayuwar ba su faɗo ranar jarrabawa ba.

Hannunka yana da kyau, wannan ba na ɓoye maka. Yadda ka ɗaure wayoyin ɗakin nan ka sa wa kowacce lamba, ni a shekarunka ban iya ba. Saurin gyara ne ya ruɗe ka, har ka fara jin daɗin a kira ka a guje, ka zo ka tada abin da ya faɗi a yi ta sa maka albarka. Na san daɗin, na sha shi. Sai dai wanda ya fi ka iya aikin shi ne wanda maigidansa ke tunanin ko albashin banza yake biyansa, don bai taɓa ganin komai ya lalace ba.

Ranar Alhamis bayan la'asar zan biyo. Ka fito da tsohuwar kwamfutar nan ta sito ka kakkaɓe ta, ka sayo littafi mai layi da ma'aunin zafi a kasuwa. Kafin in zo ina so in tarar da shafi uku a cike, na Litinin da Talata da Laraba, safe da rana da yamma: zafin ɗaki, cikar faifai, wutar kowane batiri, da amsar ƙofofin nan uku. Yaron nan mai shara kuma ka ba shi lambar wayarka, ka ce duk ranar da ya shiga ɗakin ya ji gumi ya yi maka filashin. Ka gaida mahaifiyarka, ka ce mata maganin ƙafar da ta aiko ya yi mini amfani.